Wa zan ambata a kundina, Ibnu Ishaƙ ko Ibnu Hisham?

Almajirin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin tarihi, kuma batun da nake bincike a kansa shi ne yadda aka tsara zaman jama'a a Madina a shekarun farko bayan Hijira, musamman dangantakar da ke tsakanin Muhajirai da Ansar da ƙabilun Yahudawa. Malamin da yake duba aikin ya dawo mini da babi na biyu, kuma duk inda na rubuta "Ibnu Ishaƙ ya ce" sai ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta a gefe: "Ta hanyar wa?" Littafin da ke hannuna shi ne Sirar Ibnu Hisham da na saya a Kasuwar Kurmi, wadda yawancin labaranta suke farawa da "ƙala Ibnu Ishaƙ", wato Ibnu Ishaƙ ya ce. Shin a irin wannan hali wa ya kamata in jingina wa maganar, kuma yaya zan rubuta ta a bayanan ƙasan shafi?

Abu na biyu da ya fi damuna shi ne Waƙidi, marubucin tarihin yaƙe-yaƙen Manzon Allah (SAW). A wurin karatunmu na zaure an gaya mana cewa malaman hadisi sun yi watsi da shi, amma idan ina neman wata ko ranar da wani abu ya faru, ko sunayen mutanen da suka halarta, sau da yawa a wurinsa kaɗai nake samu, ko a wurin almajirinsa Ibnu Sa'ad. Ina roƙon wanda Allah ya ba sani a wannan fanni ya yi mini bayani, shin ya halatta a kafa hujja da shi a aikin jami'a, ko kuwa ambatonsa zai zubar da ƙimar kundin baki ɗaya.

Baban Hafsa ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malaminka ya yi maka gata, domin tambayar da ya rubuta a gefen shafin ita ce farkon abin da ake koya wa duk mai son aiki da waɗannan littattafai. Muhammad bin Ishaƙ ya rasu a Bagadaza a shekara ta 150 ko 151 bayan Hijira, kuma littafinsa bai iso mana da siffar da ya bar shi ba. Abin da ya iso shi ne abin da almajiransa suka karɓa daga gare shi a garuruwa daban-daban, kuma ruwayoyinsu ba su zo ɗaya ba, ko don shi kansa yana ƙari da ragi idan yana karantarwa, ko don su almajiran sun bambanta wajen kiyayewa. Littafin da ka saya ya bi ta hannun mutum biyu kafin ya zo gare ka. Na farko shi ne Ziyad al-Bakka'i, mutumin Kufa, wanda ya rasu a 183, na biyu kuma Abdulmalik bin Hisham, wanda ya zauna a Masar ya rasu a 218, kuma bai taɓa karatu a gaban Ibnu Ishaƙ ba.

Ibnu Hisham bai ɓoye abin da ya yi ba. A farkon littafin ya faɗa ƙarara cewa zai bar wasu abubuwa da Ibnu Ishaƙ ya kawo: labaran da babu ambaton Manzon Allah (SAW) a cikinsu, da waƙoƙin da bai ga masana waƙa sun san su ba, da abin da faɗarsa ba ta da daɗin ji, da abin da zai ɓata wa wasu mutane rai, da abin da Bakka'i bai tabbatar masa da shi ba. Wannan sakin layi ya kamata kowane ɗalibi ya karanta shi kafin ya ɗauki ko da layi ɗaya daga littafin, domin ma'anarsa ita ce rashin ganin labari a wurin Ibnu Hisham ba hujja ba ce cewa Ibnu Ishaƙ bai kawo shi ba. Ka buɗe jerin fursunonin Badar za ka ga misali: a cikin Banu Hashim an ambaci Aƙilu bin Abi Ɗalib da Naufal bin al-Haris, amma babu sunan Abbas bin Abdulmuɗɗalib (RA), alhali Ɗabari, malamin tarihi, ya kawo labarin kama shi da fansarsa daga Ibnu Ishaƙ ɗin nan dai, kuma maganar fansarsa tana cikin Sahihul Buhari. Masu sharhi na da sun ce an bar sunan ne saboda ya riga ya musulunta yana ɓoyewa, wasu masu bincike na zamani kuma suna tuna mana cewa an rubuta littattafan nan ne a zamanin mulkin jikokinsa, wato Abbasiyawa. Ko wanne bayani ka karkata gare shi, ba za ka san akwai giɓi a wurin ba sai ka gwama ruwaya da ruwaya.

Ruwayar da Ɗabari ya fi dogara da ita ita ce ta Salama bin al-Fadl, alƙalin garin Rayyu, ta hannun Ibnu Humaid, malamin Ɗabarin. Akwai kuma ta Yunus bin Bukair, wanda ya rasu a 199, wadda aka sami wani yanki nata a ɗakin littattafai na Ƙarawiyyin da ke Fas, Muhammad Hamidullah ya buga ta a 1976, Suhail Zakkar kuma a 1978. Ana sayar da ita da sunan Ibnu Ishaƙ a bango, amma ka yi hattara, domin Yunus ya cusa ruwayoyi masu yawa da ya ji daga wasu malamai dabam, kuma sai ka duba isnadin kowane labari, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, kafin ka san na wane ne.

Saboda haka a cikin rubutu sai ka ce "Ibnu Ishaƙ, a ruwayar Bakka'i kamar yadda Ibnu Hisham ya tace ta", ko "Ibnu Ishaƙ, a ruwayar Salama da ke cikin Tarihin Ɗabari". Ya isa ka yi wannan cikakken bayani sau ɗaya a farkon babi, daga nan ka taƙaita. A ƙasan shafi kuwa littafin da ka riƙe da hannunka shi za ka ambata, tare da sunan wanda ya yi tahƙiƙinsa, wato wanda ya tantance shi don bugawa, da garin bugu, da shekara, da juzu'i, da shafi. Bugun Alƙahira na Musɗafa as-Saƙƙa da abokan aikinsa biyu shi ne aka fi komawa gare shi, kuma idan wanda ka saya ba ya ɗauke da sunan mai tahƙiƙi, gara ka nemi wancan. Inda kuma ka ga "ƙala Ibnu Hisham", to daga nan maganarsa ce ko ta wasu malamansa, har sai an sake cewa "ƙala Ibnu Ishaƙ". Fassarar Ingilishi ta Guillaume ta 1955 tana rikita ɗalibai a nan, domin ya kwashe maganganun Ibnu Hisham ya kai su ƙarshen littafi, sannan ya ɗinka wasu sassa daga Ɗabari da wasunsa a cikin matani, don haka abin da yake hannun mai karanta ta haɗin mai fassara ne.

Tunda batunka zaman Madina ne, babu makawa za ka yi aiki da Sahifar Madina, wato rubutacciyar yarjejeniyar zama tsakanin Muhajirai da Ansar da Yahudawa. Ka lura cewa Ibnu Ishaƙ ya kawo ta ba tare da isnadi ba, Abu Ubaid kuma, wanda ya rasu a 224, ya kawo ta a Kitabul Amwal ta hanyar Zuhri da ɗan bambancin lafazi. Ka ajiye matanin biyu gefe da gefe, ka faɗa wa mai karatu wanda ka bi.

Malam Na-Zaure ya rubuta:

Allah ya saka wa Baban Hafsa da alheri, ya warware kashi na farko. Ni zan yi magana ne a kan na biyu, kuma ra'ayina shi ne ɗalibi ya yi nesa da Waƙidi. Imamu Buhari ya ce matruki ne a hadisi, wato wanda aka bar karɓar ruwayarsa, Imamu Ahmad ya yi masa suka mai tsanani, kuma Ibnu Hajar a cikin Taƙrib ya tsaya a kan cewa matruki ne duk da faɗin iliminsa. Wanda yake rubutu a kan rayuwar Manzon Allah (SAW) ba daidai yake da mai rubuta tarihin wani sarki ba, domin abin da ya rubuta mutane za su iya ɗaukarsa addini. An ruwaito daga Imamu Ahmad cewa fannoni uku ba su da tushe, magazi (labaran yaƙe-yaƙen Manzon Allah) da malahim (labaran yaƙe-yaƙen ƙarshen zamani) da tafsiri, kuma malamai sun fassara maganar da cewa yawancin abin da ke cikinsu mursali ne, wato wanda Tabi'i ya jingina wa Manzon Allah (SAW) kai tsaye, ko yankakken isnadi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da Kitabul Magazi na Sahihul Buhari da Kitabul Jihadi was Siyar na Sahihu Muslim, a gina ginshiƙin labari da su, sannan a cike da abin da ya inganta daga sauran.

Shi kansa Ibnu Ishaƙ ba kowa ya yarda da shi ba. Imamu Malik ya soke shi da kakkausan lafazi, Shu'uba kuwa ya yabe shi matuƙa, kuma abin da malaman baya suka daidaita a kai shi ne mai gaskiya ne amma yana tadlisi, wato yakan tsallake wanda ya ji magana daga gare shi. Don haka idan ya ce "haddasani", wato wane ya ba ni labari, an fi natsuwa da shi fiye da idan ya ce "an" ta Larabci, wato daga wane. Abin da nake yawan gani a rubuce-rubucen ɗalibai, kuma yana ba ni takaici, shi ne share kalmomin taka-tsantsan da marubucin ya sa da kansa. Ibnu Ishaƙ yakan ce "za'amu", wato sun raya, ko "fima balagani", wato a cikin abin da ya iso mini, ko ya ce wanda ba na tuhuma ya ba ni labari ba tare da ya faɗi sunansa ba, ko ya rufe da "wallahu a'alam". Sai ɗalibi ya zo fassarawa ya zubar da duk waɗannan, ya rubuta "Ibnu Ishaƙ ya tabbatar da cewa", alhali mutumin bai tabbatar ba, ya ma nuna shakkarsa. Haka Ɗabari ya faɗa a gabatarwar Tarihinsa cewa duk abin da mai karatu ya ga abin ƙi ne, to ya sani daga masu ruwaya ya zo, shi ya isar ne kamar yadda aka isar masa. Wanda ya rubuta "Ɗabari ya ce" a kan labarin da mai rauni irin Saifu bin Umar ko Abu Mihnaf ya ruwaito ya ɗora wa Ɗabari nauyin da ya riga ya sauke daga kansa.

Maman Sadiƙ ta rubuta:

Allah ya gafarta Malam, maganar kalmomin taka-tsantsan gaskiya ce da ba ta da musu, amma a kan barin Waƙidi gaba ɗaya ina da ja, kuma hujjata daga malaman hadisin ce da kansu. Ibnu Hajar da ya kira shi matruki ya ambace shi a wurare masu yawa a cikin Fathul Bari, sharhinsa na Buhari, da al-Isaba, littafinsa na tarihin Sahabbai, idan magana ta zo kan kwanan wata ko wanda ya halarci wani yaƙi, Zahabi kuma ya bayyana cewa duk da rauninsa ba a wadatuwa da barinsa a fagen magazi da tarihin Sahabbai. Hukuncin da suka yanke masa hukunci ne a kan kafa shari'a da ruwayarsa, kuma su da kansu sun bambanta wannan da amfani da shi a labarin yaƙe-yaƙe. Buhari ma da ya zo buɗe Kitabul Magazi, da maganar Ibnu Ishaƙ ya fara a kan jerin yaƙe-yaƙen farko, wato Abwa, sannan Buwaɗ, sannan Ushaira, domin tsara shekaru aiki ne na masu magazi.

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. A babin yaƙin Banul Musɗaliƙ, Buhari ya kawo cewa Ibnu Ishaƙ ya ce shekara ta 6 aka yi shi, Musa bin Uƙba kuma, wanda ya rasu a 141 kuma Imamu Malik yake yaba magazinsa, ya ce ta 4. Ibnu Hajar ya bi diddigi ya ce da alama tuntuɓen alƙalami ne, domin abin da aka ruwaito daga Musa ta hanyoyi da dama shi ne ta 5, kuma shekara ta 5 ɗin ita ce Waƙidi ya faɗa, a watan Sha'aban. Me ya sa wannan ya dame mu? Domin a dawowa daga wannan yaƙi ne aka yi wa Nana A'isha (RA) ƙazafi, kuma a hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, Sa'ad bin Mu'azu (RA) ya miƙe ya yi magana a masallaci, alhali ya rasu ne jim kaɗan bayan al'amarin Banu Ƙuraiza, a ƙarshen shekara ta 5. Idan aka bi shekarar Ibnu Ishaƙ, to Sa'ad ya riga ya rasu kafin abin ya faru, kuma a ruwayar Ibnu Ishaƙ ɗin Usaid bin Hudair (RA) ne ya yi maganar. Idan aka bi shekarar Waƙidi, hadisin Sahihi ya zauna daram. A nan mutumin da aka ce a jefar shi ne lissafinsa ya dace da ingantaccen hadisi, kuma mai binciken da bai buɗe littafinsa ba zai rasa wannan.

Babban abin da aka soki Waƙidi da shi shi ne tara malamai da yawa a isnadi ɗaya, ya ce kowannensu ya ba shi wani yanki, sannan ya zuba labari guda ba tare da an san wane yanki na wane ne ba. Wannan aibi ne na gaske ga mai son tantancewa, sai dai ba shi ya fara ba, domin hadisin ƙazafin nan da kansa haka Zuhri ya karɓo shi daga mutum huɗu, Urwa bin Zubair da Sa'id bin al-Musayyab da Alƙama bin Waƙƙas da Ubaidullah bin Abdullah, ya haɗa maganarsu. Bambancin shi ne mutanen Zuhri duka amintattu ne sanannu, na Waƙidi kuwa akwai waɗanda ba a san halinsu ba.

Inda nake tare da Malam shi ne wurin da ɗan'uwanmu ya ce a wurin Waƙidi kaɗai yake samun rana da wata. Wannan kaɗaitar ita ce abin tsoro. Waƙidi ya rasu a 207, fiye da shekara hamsin bayan Ibnu Ishaƙ, kuma idan na baya ya zo da ranar mako da adadin raƙuma a labarin da na gaba ya bari a dunƙule, dole a tambaya daga ina ƙarin ya fito. Yana yiwuwa ya samo shi daga zuriyar waɗanda suka halarta, tunda an ruwaito cewa yakan je wuraren da aka gwabza ya gani da idonsa ya tambayi jikoki, yana kuma yiwuwa lissafi ne na masu tsara tarihi daga baya. Abin da nake ba da shawara shi ne ya kawo shi da sunansa, ya ce Waƙidi ya kaɗaita da wannan, kada ya gina wata babbar natija a kansa shi kaɗai. Ko da ruwayar ba ta tabbatar da abin da ya faru a shekara ta 5 ba, tana nuna abin da mutanen Madina suke faɗa a ƙarni na biyu, kuma wannan ma abin bincike ne ga mai tarihi. Bugun Magazin Waƙidi da ake ambata shi ne na Marsden Jones na 1966, juzu'i uku.

Almajirin Tarihi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa malamai sani. Saura Ibnu Sa'ad. Na ga malaman hadisi sun amince da shi, to shin idan na ɗauko labari daga littafinsa Ɗabaƙat na kuɓuta daga matsalar malaminsa? Sannan lambar shafin da nake gani a manhajar littattafai ta Maktaba Shamila ba ta dacewa da ta littafin da ke ɗakin karatunmu.

Baban Hafsa ya rubuta:

Ba ka kuɓuta ba. Ibnu Sa'ad, wanda ya rasu a 230, an san shi da laƙabin magatakardan Waƙidi, kuma duk inda ka ga ya ce "ahbarana Muhammad bin Umar", wato Muhammad bin Umar ya ba mu labari, to Waƙidi ke nan da sunansa na yanka. Ɗalibai da yawa sukan kore shi ta ƙofar gida, sai ya shigo musu ta ƙofar baya ba su sani ba. Amincin Ibnu Sa'ad yana ba ka tabbacin cewa ya isar da abin da ya ji daidai, amma ƙarfin labarin yana ga wanda ya ji daga gare shi, kuma yana da wasu malaman masu ƙarfi irin su Affan bin Muslim da Fadl bin Dukain, da masu rauni irin Hisham al-Kalbi, wanda ya fi dogara da shi a nasaba. Saboda haka ka rubuta "Ibnu Sa'ad daga Waƙidi" ko "Ibnu Sa'ad daga Affan", gwargwadon abin da isnadin ya nuna. Ka sani kuma littafin ya bi ta hannun almajiransa, har akwai tarjamar Ibnu Sa'ad kansa, wato tarihin rayuwarsa, a ciki da ranar rasuwarsa, wadda ko shakka babu wani ne ya ƙara.

Saɓanin shafi kuwa daga bugu yake. Bugun Leiden da Sachau ya jagoranta, wanda aka fara fitarwa a 1904, da bugun Dar Sadir na Beirut da ya biyo sawunsa, dukansu suna da giɓi, har da wani babban yanki na Tabi'an Madina wanda Ziyad Mansur ya buga shi daban daga baya. Bugun Maktabatul Hanji na Alƙahira na 2001, tahƙiƙin Ali Muhammad Umar, juzu'i 11, ya fi su cika, kuma tunda aikinka a kan Madina yake, shi ya kamata ka nema. A Shamila ka buɗe katin bayanin littafin ka ga wane bugu aka ɗora da kuma ko an rubuta cewa lambobin sun dace da bugaggen littafi, sannan ka gwada da hoton shafin na ainihi kafin ka sa lamba a kundi. Ka riƙa haɗawa da sunan mai tarjamar da ɗabaƙarsa, wato rukunin da aka sa shi a ciki, domin mutum ɗaya yakan zo a wuri biyu, kamar Abdullahi bin Mas'ud (RA) da yake cikin mutanen Badar kuma yake cikin Sahabban da suka sauka Kufa.

Idan ka koma al-Isaba don tabbatar da wani suna da ka gani a cikin Ansar, ka duba a wane kashi Ibnu Hajar ya sa shi. Kowane harafi ya raba shi kashi huɗu, kuma na farko ne kawai ya ƙunshi waɗanda sahabantakarsu ta zo ta hanyar ruwaya. Na biyu yara ne da aka haifa a zamanin Manzon Allah (SAW), na uku waɗanda suka riski Jahiliyya da Musulunci amma ba a ruwaito sun haɗu da shi ba, na huɗu kuwa waɗanda marubutan da suka gabata suka sa cikin Sahabbai bisa kuskure. Ka rubuta lambar kashin tare da lambar tarjamar a ƙasan shafi.